Mimics, Simpleware ko 3D Slicer: wacce ta dace da aikinka a Legas?

Duk wanda ya shiga harkar mayar da hoton asibiti ya zama samfurin 3D, ko ɗalibin injiniya ne a Akoka, ko likitan ƙashi a Igbobi, ko ɗan'uwanmu mai ƙaramin shagon buga 3D a Ikeja, sunaye uku zai fara cin karo da su: Mimics, Simpleware da 3D Slicer. Biyu na kuɗi ne, kuɗin kuma ba na wasa ba, ɗaya kyauta ce. Daga nan sai mutum ya ɗauka zaɓi ne tsakanin mai tsada mai inganci da ta maneji. Lamarin ba haka yake ba. Abin da ke raba gardama shi ne inda samfurin zai ƙare. Likita ne zai riƙe shi a hannu ya jujjuya kafin ya shiga tiyata? A cikin kwamfuta za a ɗora masa nauyi a ga inda zai karye? Ko kuwa da shi za a ƙera abin da zai shiga jikin ɗan Adam? Amsar da ka bayar ita za ta nuna ko akwai dalilin da zai sa ka fitar da ko kwabo.

Injin CT ba ya ba da samfuri. Hotuna yake bayarwa jere, sau da yawa ɗaruruwa, kamar burodin da aka yanyanka, kowane yanki yana nuna cikin jiki a daidai wurinsa. Ana adana su a tsarin DICOM, wanda injinan asibiti suke amfani da shi tun 1993. Kowane ɗigo a hoton CT yana ɗauke da lamba a ma'aunin Hounsfield, wanda aka raɗa wa sunan injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield, mutumin da na'urarsa ta fara ɗaukar hoton kan mara lafiya a 1971. A wannan ma'auni ruwa 0 ne, iska -1000, ƙashi kuwa daga 'yan ɗaruruwa har ya haura 1000. Shi ya sa ƙashi bai da wuyar tsamowa: ka ce wa manhaja ta riƙe duk abin da ya wuce wajen 200 ko 300, sai ga ƙwarangwal ya fito. Hoton MRI ba shi da irin wannan tsayayyen ma'auni, haka ma lambobin CBCT, wato irin CT da likitocin haƙori ke amfani da shi, ba abin dogaro ba ne, don haka a can aikin hannu ya fi yawa. Wannan aiki na ware gaɓar da kake so daga sauran jiki shi ne ke cinye mafi yawan lokaci, kuma a kansa ne manhajojin suke tsere.

Kafin a kai ga manhaja akwai matsalar da ta fi damun mu a nan, kuma kuɗi ba ya maganinta. Sau da yawa abin da mara lafiya ke riƙe da shi fim ne a cikin babbar ambulan, ko hotunan da aka turo masa ta WhatsApp. Babu manhajar da za ta fitar da samfurin kirki daga waɗannan. Fayilolin DICOM ake bukata, a faifan CD ko filashi. Ko an same su ma, sai a duba kaurin yankan. Idan milimita 5 ne, samfurin zai fito da matakala a jikinsa, kuma siraran ƙasusuwa irin na ƙasan kwarmin ido za su ɓace su bar rami inda babu rami. Aikin ƙashi na son yanka mai milimita 1 ko ƙasa da haka, ba tare da an karkatar da bakin injin ba. Abin yi shi ne likita ya nemi haka tun ranar ɗaukar hoton, ko a koma wurin ma'aikacin injin da wuri ya sake fitar da yanka sirara, tun ɗanyen bayanan ba su goge daga injin ba. Ba daidai ba ne a sake jefa mutum cikin hasken CT don kawai injiniya yana son samfuri mai santsi.

Na fara da 3D Slicer domin a nan nake ganin ya kamata kusan kowa ya fara. Asalinta haɗin gwiwa ne tsakanin jami'ar MIT da asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, a ƙarshen shekarun 1990, kuma har yau kyauta ce, lambobinta a buɗe, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Lasisinta ma bai hana amfani da ita a harkar kasuwanci ba. Sashenta mai suna Segment Editor yana da duk kayan aikin yau da kullum: zaɓe da lambar Hounsfield, almakashin yanke abin da ba a so, raba ƙashin da ya manne da wani, da wata dabara inda za ka ɗan shafa launi a cikin gaɓar da wajenta, manhaja ta ƙarasa sauran. Daga nan ka fitar da fayil ɗin STL, wato fayil mai ɗauke da siffar fatar wajen samfurin, ka kai wa injin bugawa. Ga ɗalibin da ke aikin kammala digiri, ko likitan da ke son riƙe ƙugun mara lafiya a hannu ya lanƙwasa farantin ƙarfe a kai kafin tiyata, wannan ya isa har da ragowa.

Abin da ya ƙara mata ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ne TotalSegmentator, wanda masu bincike a asibitin jami'ar Basel da ke Suwizalan suka fitar a 2022. Ana ɗora shi a kan Slicer, ya ware gaɓoɓi sama da 100 daga hoton CT da kansa cikin 'yan mintuna. Aikin da ke cin wuni ya koma na gyare-gyare. Amma a nan ina so mu tsaya mu yi tunani, domin da hotunan asibitin can aka horar da shi, alhali abin da ke zuwa teburinmu daban ne. Ɗan acaɓa ne da ya karye, aka kai shi gida wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗe a karkace, sai bayan watanni ya dawo Legas neman gyara. Yarinya ce mai ciwon sikila da kan ƙashin cinyarta ya lotse. Kumburin muƙamuƙi ne da aka bari ya girma har ya cinye rabin haɓa. Irin waɗannan su ne suka fi bukatar samfuri, kuma su ne inda na'ura mai koyo ta fi saurin ɓata, domin ta saba da ƙashi mai siffar da aka sani. Sakamakon kan fito da kyan gani, amma kama da wane ba ta wane. Dole a bi shi yanki-yanki, a haɗa layin da manhaja ta ja da hoton asali, kuma likitan hoto ko likitan tiyata ya duba kafin a buga.

Raunin Slicer biyu ne. Na farko, ba ta da sahalewar hukumar FDA ta Amurka a matsayin na'urar asibiti, kuma masu ita sun faɗi haka ƙarara: alhakin bin ƙa'ida yana wuyan mai amfani. Na biyu, ba a gina ta don zanen injiniya ba. Idan ka gama warewa kana son zana abin da zai hau kan ƙashin, sai ka kwashi fayil zuwa Blender ko MeshLab ko FreeCAD, kuma a kowace ƙaura akwai inda kuskure ke shiga. Misali ɗaya da ke kama sabon shiga: fayil ɗin STL ba ya ɗauke da ma'auni a cikinsa. Wata manhajar ta karanta lambobin a milimita, wata a inci, sai ƙashi ya kumbura ninki 25.4. Wannan ana gani nan take. Wanda ba a gani shi ne lokacin da aka matsa wa samfuri laushi don ya yi santsi, ya zaftare rabin milimita daga gefen ƙashi.

Akwai ƙannenta biyu na kyauta. ITK-SNAP, wadda ake kula da ita a jami'ar Pennsylvania, ƙarama ce mai sauƙin koyo, ta fi ƙwarewa a gaɓoɓi masu taushi a hoton MRI, musamman ƙwaƙwalwa. InVesalius kuwa daga cibiyar gwamnati ta CTI Renato Archer take a Campinas ta Brazil, an soma ta a 2001 domin asibitocin gwamnatin ƙasar su samu abin aiki ba tare da sayen lasisin waje ba. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarta, kuma wanda ƙashi kawai yake so daga CT zai iya fitar da STL a ranarsa ta farko. Horos kyauta ce ita ma, amma sai mai Mac.

Mimics ta kamfanin Materialise ce, wanda Wilfried Vancraen ya kafa a Leuven ta Beljiyam a 1990. Ita ce sunan da za ka fi gani a takardun bincike na wannan fanni da kuma wurin masu ƙera kayan dashe. Gaskiyar magana, wajen ware ƙashi mai lafiya daga hoto mai kyau, ba za ta ba ka abin da ya yi wa Slicer nisa ba. Kuɗinta yana halatta ne a wurare biyu. Ɗaya, abokiyar tafiyarta 3-matic, wadda ke ba ka damar yin zane kai tsaye a kan samfurin jiki: ka kwafo lafiyayyen ɓangaren ƙoƙon kai ka juya shi ya cike inda ya fashe, ka zana abin ɗora wa ƙashi da zai nuna wa likita inda zai yanka da inda zai huda, ka auna kauri da kusurwa, duk ba tare da ka fita daga gida ɗaya ba. Biyu, takardu. Nau'inta na asibiti yana da sahalewar FDA da alamar CE ta Turai. A kula sosai a nan, domin nau'i biyu ne, na bincike da na asibiti, kuma na binciken ba a yarda a yi aikin mara lafiya da shi ba. Wanda ya sayi lasisin jami'a mai rangwame ya koma yana yi wa asibiti aiki da shi ya karya sharaɗin lasisi, kuma ya rasa kariyar da ya ɗauka ya saya. A Windows kaɗai take aiki.

Idan burinka ka kafa kamfanin da zai riƙa ƙera abin da zai taɓa jikin mara lafiya a ɗakin tiyata, ra'ayina shi ne kada ka yi ƙwauron wannan kuɗin. Hukumar NAFDAC ce ke sa ido kan kayan aikin asibiti a Najeriya, kuma duk kamfanin waje da zai buga maka da ƙarfen titaniyam ko robar PEEK da ake dasawa a jiki zai so ya san da me ka yi samfurin da yadda ka tabbatar da daidaitonsa. Sai dai manhaja mai sahalewa ba ta mayar da aikinka mai sahalewa. Tsarin aikinka gaba ɗaya, daga karɓar hoto zuwa tsabtace abin da aka buga, shi ake dubawa, irin abin da ƙa'idar ISO 13485 ta tabbatar da ingancin kayan aikin asibiti ta ƙunsa.

Simpleware daban take, kuma mutane kan sa ta a mizani ɗaya da Mimics ba tare da sun lura da inda ƙarfinta yake ba. Daga jami'ar Exeter ta Ingila ta fito, kamfanin Synopsys na Amurka ya saye ta a 2016. Babbar manhajar ita ce ScanIP, sauran sassa ana ƙarawa ne da kuɗinsu. Ita gwanar raga ce. Wanda zai gwada ƙarfin ƙashi a manhajojin lissafin injiniya irin su Abaqus ko Ansys ko COMSOL ba fatar waje kawai yake bukata ba, sai an cike cikin samfurin da ƙananan ƙwayoyi dubbai ko miliyoyi waɗanda lissafi zai bi ta kansu, kuma haɗuwar waɗannan ƙwayoyi ita ce ragar. Idan gaɓa ɗaya ce, da sauƙi. Idan kuwa ƙashin baya ne da faifan da ke tsakani da sukurori a ciki, dole ragar kowane sashe ta haɗu da ta maƙwabcinsa ƙulli da ƙulli, in ba haka ba lissafin ya tsaya ko ya ba da amsar banza. Simpleware tana saƙa ragar kai tsaye daga hoton, sassa da yawa a lokaci guda, iyakokinsu a haɗe. Tana kuma iya ba kowace ƙwaya taurinta gwargwadon lambar Hounsfield ta wurin, abin da Mimics ma ke yi. Ɗalibin digiri na uku da ya taɓa kwashe makonni yana ɗinke ramukan raga da hannu ya san darajar wannan.

To ko ana iya yin haka kyauta? Ana iyawa, da haƙuri. Slicer ta ware, MeshLab ta gyara fata, Gmsh ta cike ciki, Bonemat ta cibiyar Rizzoli da ke Bologna ta raba tauri, FEBio ta yi lissafi. Ga ƙashin cinya guda ɗaya wannan hanya tana kaiwa, kuma wanda ya bi ta zai fahimci abin da ke gudana fiye da wanda ya danna maɓalli ɗaya. Amma sashen jami'a da zai yi samfura da dama masu sassa da yawa, lokacin ɗalibansa ya fi kuɗin lasisi tsada. Masu duba kayan masana'anta da CT, irin su ƙarfen da aka zuba ko dutsen rijiyar mai, su nasu daban ne: VGSTUDIO MAX, Avizo ko Dragonfly, wadda ke ba masu binciken da ba na kasuwanci ba lasisi kyauta.

Batun kuɗi kuwa, Mimics da Simpleware ba sa rubuta farashi a fili, sai ka nema a aiko maka. Maganar dubban daloli ko yuro ake yi, kuma yawanci ba biya ɗaya ba ne, duk shekara ana sabuntawa ko ana biyan kuɗin kulawa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk wanda ke karɓar naira yana biyan dala ya san yadda lissafin bara ke rushewa bana. Ko ɗan canjin da ya fi kowa sanin kasuwa ba zai yi maka alkawarin farashin baɗi ba. Don haka kafin ka sa hannu, ka raba kuɗin shekara da yawan ayyukan da kake da tabbacin samu, ba waɗanda kake fata ba, ka ga nawa ya hau kan kowane mara lafiya. Iyalin da suka sayar da dabba a gida suka haɗo kuɗin tiyata, su ne a ƙarshe za su biya wannan lasisin, kuma bai kamata mu manta da haka ba.

Idan kuɗin da ke hannunka kaɗan ne, kwamfuta da wuta sun fi cancantar su. RAM mai gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci, 32 ya fi kwanciyar hankali, kuma kayan aikin da ke warewa da kansu sun fi gudu da katin hoto na NVIDIA. A Computer Village ana samun manyan kwamfutocin aiki na hannu da za su ɗauki wannan, in ka je da wanda ya san kan abin, ka kuma gwada da hoton CT na gaske kafin ka biya. Sai inbata ko UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar saƙa raga na nufin komawa farko, ga kuɗin wutar layin Band A da ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Kwafin sata kuwa, za a yi maka tayinsa da araha. Kada ka karɓa. Ban da haramcinsa, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma kwamfutar da ke ɗauke da hotunan marasa lafiya ba wurin gwaji ba ce. Mujallar kirki ma za ta nemi ka faɗi manhajar da ka yi aiki da ita.

Hotunan nan amana ce. Fayil ɗin DICOM yana ɗauke da sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa da sunan asibiti a cikinsa, kuma hoton CT na kai, in aka haɗa shi, fuskar mutum ce ke fitowa a gane shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗa kan fitar da su ƙasar waje. Wannan ya shafi zaɓi na huɗu da wasu ke bi, wato tura hoton ta intanet ga kamfani irin Axial3D na Belfast, ko ita kanta Materialise, su ware su dawo maka da samfuri, ka biya kuɗin aiki ɗaya. Ga likitan da sau 'yan kaɗan a shekara yake bukata, wannan ya fi sayen lasisi hankali nesa ba kusa ba. Sai dai a goge suna tukuna, a nemi yardar mara lafiya da harshen da yake ji, a kuma bi ta kwamitin ɗa'a na asibitin. Dattijon da ya zo daga Agege ko Mile 12 da Hausa kaɗai a bakinsa yana da haƙƙin a yi masa bayanin inda hoton kansa zai je.

Masu Mimics da masu Simpleware suna ba da lasisin gwaji in ka nema, kuma yadda ka yi amfani da waɗannan kwanaki shi ne mafi muhimmanci a cinikin. Kada ka gwada da hoton da suka aiko maka, domin an zaɓo shi ne don ya yi kyau. Ka ɗauko naka guda uku da aka goge wa suna: ɗaya mai tsabta, ɗaya mai ƙarfe a jiki wanda haskensa ya watsu ya ɓata gefen ƙashi, ɗaya kuma mai yanka mai kauri irin wanda aka fi kawo maka. Ka yi kowanne a Slicer, ka sake yi a manhajar kuɗin, ka rubuta awannin da kowacce ta ci. Sannan ka ɗora samfuran biyu a kan juna ka ga inda suka saɓa. In da hali, ka samo ƙashin saniya daga mahauta a Oko-Oba, a ɗauki hotonsa a CT, ka buga samfurin, ka auna shi da ƙashin gaske da kalifa a wurare da dama. Wannan gwaji ba manhaja kaɗai yake aunawa ba, har da injin hoton da injin bugawa da hannunka.

Sannan ka yi wa mai sayarwa tambayoyin da ba ya kawowa da kansa. Lasisin a kwamfuta ɗaya yake ɗaure, ko ana iya raba shi a ofis? Idan kwamfutar ta mutu ko aka sace ta, kwana nawa kafin a mayar da shi kan wata? Yana bukatar intanet kullum kafin ya buɗe? Waɗanne sassa ne ke cikin farashin, waɗanne ne sai an ƙara kuɗi, musamman sashen raga da na warewa da kai? Horaswa a ciki take? Idan shekara ta ƙare ba ka samu dalar sabuntawa ba, za ka iya buɗe tsofaffin ayyukanka, ko sun kulle ke nan? Wannan ta ƙarshe ka nemi amsarta a rubuce, kuma ko me aka ce maka, ka riƙa ajiye kwafin kowane aiki a STL da NRRD ko NIfTI tare da hotunan DICOM na asali, domin waɗannan Slicer na buɗe su ko da lasisin ya mutu.